Filin Likitan Dabbobi: Rago ya kumbura baki ya daina cin dusa, ko ciwon shuɗin harshe ne?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda ruwa ya zauna saƙonnin da ke shigo min kusan duk magana ɗaya suke, tumaki sun kumbura baki, miyau na zuba, ga kuma bidiyoyin Turai da ake ta turawa a WhatsApp suna ƙara tayar wa mutane da hankali. Na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri, amsarku tana cikin nan in sha Allahu.

TAMBAYA, daga wani mai kiwo a Wurno

Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya haƙuri da mu. Ni ina da tumaki 14, Uda da Balami, gidanmu na bakin fadama. Kwana 10 da sunka wuce babban ragona ya bar cin dusa, jikinai da zafi, leɓɓanai sunka kumbura har da kunnuwa, miyau na zuba, majina ta bushe mai ga hanci, in ya tashi kuma sai ɗingishi awa mai taka ƙaya. Na kira wani yaro mai allura yay yi mai LA sau biyu, babu sauƙi, yanzu ga tunkiya guda ta fara. Ɗana ya gwada min bidiyo ga waya wai wani ciwo na ya ɓarke Turai mai maida halshen tumaki shuɗi, to ni dai na buɗe bakin ragon halshenai ja na. Shin shi na, kuma mi za ni yi kar in rasa sauran?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, sannu da jinya, Allah ya tashi kafaɗarsa. Wanda ya yi wata da watanni yana ɗora wa rago dusa da harawa shi ya san abin da kake ji yanzu.

Alamomin da ka lissafo sun yi kama sosai da ciwon da ɗanka ya nuna maka, wanda Turawa ke kira bulutong, mu kuma muke cewa shuɗin harshe. Kar jan harshen nan ya sa ka saki jiki. Sunan ciwon yana ruɗar mutane, domin a cikin tumakin da suka kamu kaɗan ne harshensu yake yin shuɗi, kuma sai abin ya yi tsanani. Abin da aka fi gani shi ne zazzaɓi mai ƙarfi, zafin jikin tunkiya mai lafiya wajen 39 yake a ma'auni amma mai wannan ciwo yakan haura 41, sai kumburin leɓɓa da fuska da ƙasan haɓa, gyambo a cikin baki da dasashi, majina da ke fara wa ruwa-ruwa ta koma mai kauri ta bushe a hanci, sannan ɗingishi. Je ka ɗaga ƙafar ragon da rana tsaka ka duba daidai inda gashi ya haɗu da kofato, in ka ga wani jan layi ya zagaye wurin kuma da ɗumi in ka taɓa, to zato ya ƙara ƙarfi.

Dalilin duk wannan abu ɗaya ne. Ƙwayar cutar bairos ce, kuma aikinta lalata bangon ƙananan hanyoyin jini, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa yana taruwa a nama, shi ne kumburin, inda jini ya kasa kaiwa kuma sai wurin ya yi gyambo ko ya yi duhu, shi ne shuɗin harshen in ya zo. Wannan ne ya sa LA ɗin da aka yi ba ta yi komai ba, domin ita maganin bakteriya ce, ba ta taɓa bairos. Tana da amfani in wani ciwon ya hau kan wannan, kamar ciwon huhu, amma likita ne zai duba ya ce a yi ko kar a yi.

Mai kawo ciwon kuwa ƙyashi ne. Ƙyashin nan dai da kuka sani na bakin fadama, ɗan mitsitsi wanda tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, mai cizo da magariba da asuba ka yi ta susa ba ka ga abin da ya cije ka ba. Macen ce ke shan jini. In ta sha daga dabbar da ke ɗauke da cutar, ƙwayar takan yi kamar mako ɗaya tana hayayyafa a cikinta in ana zafi, daga nan har ƙarshen rayuwar ƙyashin duk dabbar da ta ciza ta sa mata. Ita dabbar kuma takan yi kwana 5 zuwa 10 kafin alama ta fito. Kenan tunkiyar da ka ce ta fara yanzu ba miyan ragon ta lasa ba, cizon ne ya same ta ita ma.

Na taɓa zuwa wani gida bayan la'asar a ƙarshen damina, irin wannan kiran dai. Na tarar da ragon tsaye ya haɗe ƙafafunsa huɗu wuri ɗaya ya gantsare baya, ya tsoma baki cikin bahon ruwa amma ba sha yake ba, sanyin ruwan kawai yake nema, miyau na bin ruwan. Maigidan yana ta nuna min buhun dusar da ya sayo wai ko ita ce ta lalace. Ni kuma idona na kan duron ruwansu, ya tsage daga ƙasa yana ɗiga dare da rana, ƙarƙashinsa ƙasa ta zama baƙar laka gauraye da kashin tumaki da fitsari, ka sa ƙafa ta nutse. Kafin a kira magariba da ni da shi duk susar hannu muke. A irin wannan laka ƙyashi yake ƙwai, ba ya buƙatar tafki kamar sauro, danshi da taki sun ishe shi.

Sai dai Malam, ba a tabbatar da wannan ciwo da ido ko ta saƙo, sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, kuma akwai cututtukan da ke kama da shi waɗanda sun fi shi ɓarna a wajenmu. Na farko PPR, ciwon mura da zawon nan na awaki da tumaki, shi ma yana kawo zazzaɓi da majina da gyambon baki, amma yana zuwa da zawo mai wari da tari da kwantsa a ido, ya fi kayar da awaki, kuma yana bin numfashi da cuɗanya ya share garke cikin kwanaki. In kana da awaki ka sa musu ido sosai. Akwai ciwon baki da kofato, wanda za ka ga shanu ma suna dalalar da miyau suna ɗingishi, da ƙuraje masu ruwa da ke fashewa. Akwai ƙurajen leɓe masu ɓawo da suka fi kama 'yan raguna, waɗannan suna kama hannun mutum ma, a kula. Sannan ku mutanen fadama kuna da kumburin ƙasan haɓa na tsutsar ciki da ciwon hanta, shi ba ya zuwa da zazzaɓi, in ka buɗe fatar ido za ka ga ta yi fari fat. Kowanne da yadda ake bi da shi, shi ya sa nake roƙonka ka je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a turo maka ma'aikaci, in da hali kuma ka kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ciwo ne da ake son a kai rahotonsa ga hukuma, kai rahoton ba laifi ba ne kuma yana taimakon maƙwabtanka.

Kafin su zo ga abin da za ka yi da hannunka. Ka mayar da marasa lafiyan inuwa, rana tana ƙara musu wahala, ka shimfiɗa musu busasshen yashi ko ciyawa mai laushi saboda ƙafar, kar a kora su kiwo. Wasu daga cikin tumakin da ke mutuwa a irin wannan hali yunwa da ƙishirwa ne ke ƙarasa su, domin suna son ci bakin ne ya hana, to ka ajiye karan dawa da busasshiyar harawa tukuna, ka jiƙa dusa ta yi ruwa-ruwa kamar kunu, ka samo ɗanyen ganye mai taushi, ruwa mai sanyi kuma ya kasance a gaban bakinsa kullum. Ka riƙa wanke masa baki da hanci da ruwan ɗumi da ɗan gishiri kaɗan sau 2 a rana, ka ɓamɓare busasshiyar majinar a hankali ya samu numfashi. Dan Allah kar a kama shi a yi masa ɗure da kwalba, maƙogwaron a kumbure yake, ruwan zai iya wucewa huhu ya jawo abin da ya fi ciwon. Likita zai iya ba shi allurar saukar da zazzaɓi da rage kumburi, tana sa su koma cin abinci da wuri. Da yawa suna tashi, amma sukan rame, wani gashinsa ya zube, sai an yi makonni ana lallaɓawa kafin jiki ya dawo.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Mabera

Likita ina wuni. Ni tumaki 5 gare ni a bayan gida, da su nake biyan kuɗin makarantar yara. Biyu sun kumbura fuska, ɗaya mai ciki ta yi ɓari. Maigidana ya ce shanun maƙwabcinmu da ya kawo daga kara ne suka sa musu, har sun yi cacar baki, shi kuma maƙwabcin ya rantse shanunsa lafiyarsu ƙalau, kuma gaskiya ni ma na gan su suna cin abinci. Wa ke da gaskiya?

AMSA

Hajiya sannu da rashi, Allah ya mayar da alheri. Ki lallashi maigida ya bar maganar nan haka nan, zumuncin maƙwabta ya fi tunkiya biyar.

In har shuɗin harshe ne, to kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Shanu suna ɗaukar ƙwayar kuma yawanci ba sa nuna komai, saniya na tuƙa tana ba da nono alhali cutar na cikin jininta, har ƙa'idar duniya ta cinikin dabbobi ta ɗauki kwana 60 a matsayin lokacin da dabba za ta iya ba ƙyashi cutar. Awaki ma haka suke yawanci. Don haka maƙwabcinki bai yi rantsuwar ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma babu wanda zai iya nuna saniya ya ce daga wannan ce, domin ƙyashi ba ya sanin katanga, kuma iska tana ɗaukarsa ta kai shi nesa ƙwarai, har teku yana tsallakawa a kan iska. Garin da ke da kara da mahauta da shanu a kowace unguwa, ga gulbin Rima ga lambuna, ina za ki fara bin sawu? Ɓarin da tunkiyar ta yi ma yana iya zama daga wannan ciwon, domin yana ratsa mahaifa, yana iya zama kuma daga wani ciwon daban wanda ke kama mutane, saboda haka kar a taɓa abin da ta zubar da hannu tsirara, a sa leda a hannu a binne shi da zurfi, kar a bar wa karnuka.

Ƙarfin da za a kashe a rigima a kashe shi a bayan gidan. A kwashe takin da ya taru a kai gona ko a baza shi ya bushe, a cike kwatamin da ruwan wanke-wanke ke kwanciya kusa da turke, a zuba busasshen yashi, a ɗaga mazubin ruwa daga inda yake jiƙa ƙasa. Tun kafin magariba a shigar da tumakin rumfa mai rufi, kar a sake su sai rana ta ɗaga. Gidan sauro na gama-gari ba ya tare ƙyashi, ta cikin hudojin yake wucewa, sai raga mai ƙananan ido, amma shi ƙyashin ba shi da ƙarfin tashi, in kina da fanka ko ta sola ce ki kunna musu daga magariba za ki ga bambanci. Hayaƙin da iyayenmu ke turara wa dabbobi da yamma shi ma yana rage cizon, a dai kula da gobara. Akwai maganin ƙwari na dabbobi da ake zuba musu a gadon baya, irin na kaska, yana ragewa amma ba ya hanawa gaba ɗaya, a saya a shagon maganin dabbobi a bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Abin da nake roƙo da babbar murya, kar a shafa musu fiya-fiya ko maganin feshin gona, wallahi na ga tumakin da suka tsira daga ciwo maganin feshi ya kashe su cikin awa ɗaya.

Sai allura. Mai allurar da zai fito daga wancan gida ya shigo naki da sirinji ɗaya da bakin allura ɗaya, ya soka wa mara lafiya ya juya ya soka wa mai lafiya, ya yi aikin ƙyashi da hannunsa. Ki sayi sabbin bakin allura ki ajiye, kowace dabba da nata, kuɗinsu bai kai na mudun dusa ba.

TAMBAYA, daga wani mahauci a cikin gari

Malam likita in an yanka irin wagga dabba ana cin naman? Kuma ciwon na kama mutum? Ana layya ko suna da ita?

AMSA

Shuɗin harshe ba ya kama mutum, ko ta nama ko ta nono ko ta taɓawa. Amma wannan ba izini ba ne na yanka duk dabbar da ta kwanta a kai kasuwa. Dabbar da aka yanka tana cikin zazzaɓi namanta ba ya da kyau kuma ba ya jimawa, wadda aka ɗirka wa LA jiya kuma maganin na nan cikin naman, akwai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba, a cika su. Ka bar ma'aikacin duba nama na kwata ya gani kafin ka rataye. Maganar layya kuwa sananne ne cewa mai ciwo bayyananne da mai gurguntaka bayyananna ba sa isarwa, dabbar da ta warke ta murmure kuma ka tambayi malaminku.

TAMBAYA, daga wani matashi a Illela

Salam Dakta. Ni ina son in fara kiwo na zamani, ina tunanin sayen tumaki da shanun madara irin na Turai in haɗa da namu. To sai nake gani a intanet wai ciwon nan yana kashe tumaki a can. Daga can zai zo mana ko yaya? Kuma akwai rigakafi, ko wanda ake yi wa awaki kowace shekara ya wadatar?

AMSA

Ƙanena Allah ya sa albarka a niyyar. Ciwon nan ɗan Afirka ne, mu ne muka riga su saninsa. A Afirka ta Kudu aka fara bayaninsa, bayan an kai tumakin Turai masu ulu irin Merino suka riƙa faɗuwa alhali na ƙasar suna tsaye. Wani likita mai suna Spreull ya rubuta cikakken bayaninsa a 1905, wani likitan dabbobi Arnold Theiler ya biyo baya da rigakafin farko, sai a 1944 aka tabbatar a cibiyar binciken dabbobi ta Onderstepoort da ke can Afirka ta Kudu cewa ƙyashi ne ke yaɗa shi. Arewacin Turai kuwa ba su san shi ba sai a 2006, da nau'i na 8 (cutar ta kasu nau'i-nau'i, kowanne da lambarsa) ya ɓulla a Holan da Beljiyam da Jamus, ya tsallaka Ingila a 2007, kuma da masana suka bincika ƙwayar sai suka ga ta yi kusa da wadda aka taɓa samu a Najeriya a 1982. Daga baya kuma sai ga nau'i na 3, ya fara a Holan a watan Satumban 2023, ya isa Ingila a Nuwamban shekarar, a 2024 ya bazu Jamus da Faransa da Denmak. Ya yi musu ɓarna sosai saboda dabbobinsu ba su taɓa haɗuwa da shi ba, shanu ma suka nuna alama, nono ya ragu.

Ka ga kenan abin da ya shafe ka ya juya. Uda da Balami da 'Yankasa, da Gudali da Rahaji, kakanninsu sun yi ɗaruruwan shekaru ƙyashi na cizonsu, shi ya sa da yawa suke ɗauka su warke ba a ma sani ba, sai wanda yunwa ko tsutsar ciki ko doguwar tafiya ta raunana shi ne yake kwanciya. Baƙuwar tunkiyar da ka zuba wa kuɗi ka kawo daga inda babu ciwon, ita ce za ta fara faɗuwa a daminarta ta farko. Ni shawarata ka fara da namu masu kyau, Balami da aka ciyar da shi yadda ya kamata ba ya jin kunyar kowane rago a kasuwa. In kuma dole sai baƙi, ka nemi barbarar yanyawa waɗanda aka haifa a nan, ka shigo da su da sanyin hunturu lokacin da ƙyashi ya yi ƙasa, ka gina rumfar nesa da fadama, kuma duk dabbar da ka sayo, ko daga kasuwar Illela ce ko daga Ƙonni aka tsallako da ita, ka ware ta kamar mako 3 kana duba ta kafin ta shiga cikin sauran. Warewar ta fi amfani a kan PPR da ciwon baki da kofato, amma su ɗin ma ai su ne manyan masu karya sabon mai kiwo.

Rigakafin shuɗin harshe akwai shi a duniya, matsalar ita ce cutar ta kasu nau'i sama da 24, kuma na wani nau'in ba lallai ya kare daga wani ba, shi ya sa Turawan da suka yi wa dabbobinsu na 8 sai da suka jira aka haɗa na 3. Don haka in wani ya zo maka da kwalba a aljihu cikin zafin rana ya ce rigakafin bulutong ne, kar ka biya, rigakafi a sanyi ake ajiye shi kuma sai an san nau'in da ke yawo a yanki. Wanda ake yi wa awaki da tumaki, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke haɗawa, na PPR ne, ba ya taɓa wannan, amma ka yi shi kar ka yi wasa, allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3.

Malam na Wurno, in ma'aikatan sun zo sun duba ka sake rubuto min abin da suka ce da yadda tunkiyar ta kwana, kuma ka faɗa min ko awakin gidan sun fara zawo.